Shida Cikin Ɗari

"Matsar da kwalbar nan gaba," in ji Baba Gola. "Ba daga can ka buga ba."

"Daga nan ne," Bakanike ya ce, ya danne kwalbar maganin a kan zanin gado. "Ni na buga ko kai?"

'Yar Lissafi tana zaune a kujerar keken ɗinki, kwamfuta a cinyarta, tana jiran tsofaffin biyu su daidaita. Zanin gadon shi ne fili, silifa biyu su ne turakun raga, kwalbar kuma tana tsaye ne a madadin Bakanike, a wasan ƙarshe na gasar unguwanni, tun mahaifiyarta tana goye. Ranar Bakanike ya narka ƙwallo daga nesa, ta wuce Baba Gola da ke tsaron raga, unguwar su Baba Gola ta rasa kofi. Daga baya zama ya haɗa su layi ɗaya, suka zama aminai, musun kuwa bai taɓa ƙarewa ba. Yanzu da ciwo ya kwantar da Baba Gola, abu ɗaya yake son ji: ƙwallon nan tana kamuwa, ko ba ta kamuwa?

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na su 'Yar Lissafi. Aikinta kallon wasanni ne a kwamfuta, tana danna maɓalli a kan kowane fasin da kowane bugu, ta tura wa kamfanin da ya ɗauke ta. A gidan kallo aka laƙa mata sunan don a kore ta da dariya. Ta karɓe shi, ta kuma ci gaba da zama a bencin gaba, ita kaɗai mace, tana faɗin alƙalumanta ko ana yi mata ihu. Baba Gola ne shugaban masu tsiyar. "Ke 'yar boko," yakan ce, "kin taɓa jin an ɗaga kofi saboda yawan fasin?"

Goggo, matarsa, ta leƙo ta yafuto ta zuwa tsakar gida.

"'Yar nan, likita ya ce mu dawo gida kawai. Kin gane ai. Ki ce masa ba ta kamuwa. Me zai rage ki?"

"Goggo, ba zan yi masa ƙarya ba."

"Wannan taurin kan naki ne ya sa ake kiranki da sunaye."

"Su kira. Da ƙarya yake so, ai masu yi masa ita sun cika layin nan, bai aika a kira su ba."

Ta koma ɗaki da ƙarfin halinta. A zuciyarta roƙo take yi lambar ta fito da yawa. Tsofaffin sun riga sun daidaita: kwalbar tana can gefen dama, nesa da da'irar gola. Ta tambayi ƙafar da aka buga da ita, da ko akwai 'yan baya a tsakani. Ta shigar, ta danna. Ta daɗe tana kallon abin da ya fito.

"Faɗi mana," Baba Gola ya ce. "Ko injin ya ji kunya?"

"Baba, an tara dubban bugu irin wannan, daga irin wannan wurin. A cikin ɗari, shida ne ke shiga."

Goggo ta juya baya a bakin ƙofa. Baba Gola ya rufe ido, leɓensa yana motsi, har 'Yar Lissafi ta ɗauka kuka zai yi. Sai ta ga kafaɗunsa na rawa. Dariya yake yi, tari yana sarƙe shi.

"Ka ji?" ya nuna Bakanike. "Shida! Ashe sa'a ce! Ka buga sau ɗari, casa'in da huɗu suna hannuna. Shekara da shekaru kana cika mana baki a kan tsintuwa!"

"Wace sa'a? Abin da ya gagari mutum casa'in da huɗu ni na yi shi. Sunan wannan gwaninta, malam. Ko ba haka ba, 'yata?"

"Lissafin bai faɗi ko ɗaya ba, Kawu. Abin da ya faɗa na faɗa."

"To ina amfaninsa?"

"Bar ta," in ji Baba Gola. Ya juyo da kansa a hankali. "A cikin abin naki, akwai rana da ke dukan gola a ido?"

"Babu."

"Akwai tudun da ke gaban raga?"

"Babu, Baba."

"To ki sa su. Ki gaya wa masu kamfanin ni na ce." Ya numfasa. "Amma ke kin fi 'yan gidan kallon nan. Su ko da me na tambaye su, sai su ce haka ne Baba."

Ta rufe kwamfutar.

Kwanakin da suka biyo baya, ta katanga take jiyo su. Muryar Bakanike tana sama, ta Baba Gola kullum tana ƙara yin ƙasa, amma ba ta fasa cewa "sa'a ce" ba. Goggo ta daina gaishe ta, sai ranar da ta ga mijinta ya shanye kofin madara don ya samu ƙarfin ramawa. Da yammacin ranar ta miƙo mata kujera da kanta.

Wata safiya, tana tsaka da aikin wani wasa, ta ji shiru daga makwabta, irin shirun da ba ta saba ji ba. Sai muryar Goggo, sau ɗaya, a taƙaice. Ta tsayar da bidiyon, ta ja mayafi ta fita ba takalmi.

An buɗe tagar ɗakin, rai ya riga ya yi halinsa. Goggo tana durƙushe a ƙarshen gado, fuskarta cikin zani. Bakanike yana zaune a gefen amininsa da kayan aikinsa a jiki, bai ko wanke baƙin mai ba. Ya ɗauki hannun Baba Gola ya ɗora a gwiwarsa, babban hannu mai karkatattun yatsu, yana miƙe su ɗaya bayan ɗaya, suna komawa yadda suke.