Takardar Roƙo Mai Suna Biyu

Duk Makarfi an san Jamaluddeen ɗan Malam Hamisu mai rake. Shi ne kyaftin ɗin ƙwallon gari, shi ne shugaban ƙungiyar ɗalibai 'yan Makarfi a jami'a, a aji kuma ba ya wuce na uku. Kai, wani dai da farin jini aka haife shi!

Safiyanu fa? Ɗan ƙanen Malam Hamisu ne, ajinsu ɗaya da Jamalu, ɗakinsu ɗaya a Zariya. Shi ke zaman lacca ya cika littafi, Jamalu ya dawo daga taro ko daga fili jiƙe da gumi, ya ari littafin awa biyu, ya fi shi maki. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. In sun zo gida tsofaffi su ce masa, "Sannu, abokin Jamalu." Abokin Jamalu! Sai ka ce shi ba a yanka masa rago ba. Wallahi abin na cin ransa, yana dai murmushi ne kawai.

Malam Hamisu kuwa tuntuni ya kafa wa ɗansa sharaɗi: "Ranar da ka faɗi darasi ɗaya, ranar za ka ajiye ƙwallo da shugabancin nan."

Wata Juma'a suka zo gida saboda wasan ƙarshe da 'yan Kudan. A ranar wayar Jamalu ta faɗa ruwa a fadamar rake, ta mutu murus. Ya ce, "Safiyanu, in an turo saƙon aji ka faɗa mini."

Asabar da safe Safiyanu ya fita zai gaida Gwaggo Lantana a Malikanci. Yana tasha saƙo ya shigo: malami zai yi tafiya, gwajin Litinin ya dawo yau ƙarfe biyu. Maki talatin cur. Daga tashar zuwa gidan su Jamalu bai kai tafiyar minti biyar ba, kuma ya sani sarai da Jamalu ya ji zai bar wasan ya bi shi.

Ya karanta saƙon sau uku. Zuciyarsa ta ce, "Taura biyu ba ta taunuwa, shi har uku ya cusa a baki. Bari yau ya ji." Ya wuce motar Ikara da za ta kai shi Malikanci, ya shiga ta Zariya.

Ya rubuta gwajinsa tsaf. A Makarfi kuma Jamalu ya zura wa Kudan biyu, aka ɗauke shi a kafaɗa har bakin kasuwa.

Lahadi da hantsi Safiyanu ya dawo. Ya tarar da Jamalu da mahaifinsa a zaure, kofin da aka ci a gefe, takalman ƙwallo a gaban Malam Hamisu. Ashe Jamalu ya sa layinsa a wayar aro ya ga saƙon. Safiyanu ya durƙusa ya gaida baffansa, wani daɗi na ratsa shi. Yau dai gwani ya ji jiki.

Malam Hamisu ya ce wa ɗansa, "Ni magana ɗaya nake yi. In darasin nan ya tafi, takalman nan ma sun tafi."

"Na yarda, Baba," in ji Jamalu, idonsa jawur. "Amma ba nawa ne ya fi damuna ba. Safiyanu bai ji ba, bai gani ba. Don wasana ya baro makaranta, ga shi gidan Gwaggo sabis sai an hau tudu. Shi da ko lacca ɗaya bai taɓa tsallakewa ba!"

Ya zaro takarda daga aljihu. "Na rubuta wa malamin roƙo ya sake mana, mu biyu. Na ce in mutum ɗaya zai tausaya wa, to ya zaɓi ɗan'uwana. Safiyanu, ka ga sunanka ne a sama."

Safiyanu ya duba. Sunansa ne kuwa a sama, an ja masa layi. Can a ofishin malamin kuma takardar gwajinsa na kwance, da sunan nan dai, da rubutun hannunsa.

Jamalu ya miƙa masa biro.

Malam Hamisu ya ce, "Sa hannu mana, ɗana. Me kake jira?"