Keken Kaka Tabera

Ƙanena Tawita ya dawo tsibirinmu Abaiang daga aikin jirgin ruwa da akwatuna cike da kaya da jan keke sabo fil. Kafin Lahadi ta zagayo akwatunan sun zama wayam. Wannan ya ce "bubuti rigar nan", wancan ya ce "bubuti rediyon". Har takalminsa kawunmu ya saka ya tafi coci yana ɗingishi, don takalmin ya matse shi. A wurinmu in ɗan'uwa ya ce bubuti, wato ya roƙi abu, miƙawa kawai ake yi. Wanda ya hana kuwa, sunan rowa zai bi shi har jikoki.

Tawita ya yi ta miƙawa yana dariyar yaƙe. Amma keken nan ransa ne. Ni da nake yayarsa, ko ƙararrawar bai bari na taɓa ba.

Ranar da Kaiea ɗan kawunmu ya shigo yana shafa sirdin, Tawita ya riga shi buɗe baki.

"Ka makara, ɗan'uwa. Kaka Tabera ta riga ta roƙa. Ajiya ce a hannuna."

Ƙarya ce tsagwaronta. Kakarmu ta daɗe ba ta wuce bakin rijiya ba saboda ciwon gwiwa. Amma wa zai raba tsohuwa da abinta? Kaiea ya janye hannu. Na ce wa Tawita maganar nan sai ta kai kunnenta, ya ce in ji da tabarmar da nake saƙa.

Washegari sai ga Kaka ta dogaro sanda, tana tafe tana hutawa.

"An ce na yi keke. Ina yake?"

Tawita ya hau sosa ƙeya. "Kaka, ai dama..."

"Dama me? Ƙarya ka yi da sunana, ko nawa ne?"

"Naki ne."

"Madalla. To ni ba ni da ƙafar tuƙi. Bubuti ƙafafunka."

Na yi dariya har cikina ya ƙulle, ko ɗigon tausayinsa ban ji ba.

Tun daga ranar ya zama direbanta. Aka ɗaura matashi a baya, ta ɗare a karkace tana riƙe da rigarsa. Coci, zauren taro, shagon sayen shinkafa, ko'ina sai ya kai ta, kuma kowane gida sai ya kaɗa ƙararrawa don a leƙo a gan ta.

"Ramin nan fa, ɗan nema? Haka kake tuƙa jirgin?"

"Kaka, ni fenti nake yi a jirgin."

"Ai na gani."

Wata Asabar ta sa ya kai ta can ƙarshen tsibiri wurin ƙanwarta Meere, wadda idanunta suka dushe, an yi shekaru ba su haɗu ba. Ya dawo jikinsa a sanyaye. Ya ce sun riƙe fuskar juna sun sha kuka, daga nan suka ɓarke da faɗa a kan wata tukunya da aka ara tun ba a haife mu ba. Bayan haka duk Asabar shi yake fara tambaya ko ta shirya.

Wata rana muna zaune ana fere kwakwa, dangi sun cika tsakar gida har da Kaiea, Kaka ta ce, "Tawita, horon ya isa haka. Na ba ka kekenka."

Na ɗauka tsalle zai yi. Sai na ga ya ajiye adda ya durƙusa gabanta.

"Bubuti, Kaka. Ki riƙe kekenki."

"Wato ka ji daɗin yin rowa da sunana."

"In ya zama nawa, kafin yamma ya bar gidan nan. Wa zai kai ki wurin Kaka Meere?"

Kaka ta kalle shi. Can ta goge ido da gefen zane.

"To tashi ka sa wa kekena iska. Tayar baya ta sace, ƙashin bayana ne shaida."