Musayar Ranar Asabar

Garzali tela ne a unguwar Wulari. Iyayensa Kanawa ne, amma shi a Maiduguri aka yanke masa cibiya. Malam Elnathan kuwa mutumin Shaffa ne ta kudancin Borno, tsohon malamin firamare, shi ke koya wa mawaƙan cocinsu waƙa. Kaset ne ya haɗa su. Tun suna da baƙin gashi suka yi kiciɓis a rumfar wani mai sayar da kaset a Kasuwar Litinin, kowa ya kama gefe ɗaya na kaset ɗin wani mai goge, shi kaɗai ya rage. Mai rumfar ya gaji da su, ya ce ɗaya ya saya ɗaya ya ara. Garzali ya saya, Malam ya ara, ranar da ya zo mayarwa kuma sai ga shi da wani a aljihu.

A kan haka suka tsufa. Duk Asabar da hantsi Malam zai zo shagon ya zauna a benci, ya ba da nasa ya karɓi na Garzali. Kaset ya wuce aka koma faifai, faifai ya wuce aka koma memori, ɗan abin nan da bai kai farce ba, wanda Garzali ke naɗewa a ƙyallen atamfa don kada ya ɓace. Doka ɗaya gare su: albam sau ɗaya ake saurara, kuma abin da ya fara zo wa mutum a rai shi zai faɗa, ko da zai ji kunyarsa daga baya.

Malam ba ya ragawa kowa. "Mai kalangun nan sauri yake kamar an ce masa mota za ta tashi," zai ce. Ko kuma, "Yarinyar nan tana da murya, amma tsoron muryar take." Garzali ya tsayar da keke, su yi ta musu har mai jiran ɗinki ya yi fushi. Ko a shekarun da gari ya rikice, ake rufe hanya ba sanarwa, ba su daina ba. Malam ya sha takowa da ƙafa ranar da babu Keke Napep a titi.

Bayan wani zazzaɓi da ya kwantar da Malam a damina, sai Garzali ya ga canji. Da farko hukuncin ya gajarce, ya koma "da daɗi" da "ba laifi". Daga baya ya dawo da tsawonsa, amma kamar ba daga bakin Malam ba. Mutumin da bai taɓa kula da baiti ba, shi dai kiɗa da murya, sai ga shi yana yaba kalaman soyayya. Ya kuma koma zama daf da keken ɗinki, yana kallon bakin Garzali, yana magana da ƙarfi. Garzali ya ɗauka tsufa ne, har ya tsokane shi ko amarya yake nema.

Wani mako Garzali ya kai memori wurin masu tura waƙa a waya, aka sa masa sabon albam na wani mai gurmi da ake ta zance. Aiki ya sha kansa, ɗinkin biki ne a gabansa, bai saurara ba ya miƙa wa Malam. Da Asabar ta zagayo Malam ya mayar, ya gyara zama.

"Mai gurmin nan ya iya," in ji shi. "Hannunsa a natse yake. Waƙa ta uku ce ta fi kama ni."

Bayan ya tafi Garzali ya sa memorin a 'yar rediyonsa. Shiru. Ya cire ya hura ya mayar, shiru. Ya koma wurin mai turawar, aka duba a kwamfuta, mutumin ya dafe kai ya ba shi haƙuri, ya ce turawar ba ta shiga ba, babu ko waƙa ɗaya a ciki.

Garzali ya daɗe tsaye a bakin rumfar, memorin a tafin hannunsa. Bai koma shago ba, ya nufi gidan Malam.

Ya same shi a tsakar gida, zaune a gindin darbejiya, ya juya wa ƙofa baya yana gyaran gyaɗa a faranti. Garzali ya yi sallama. Ya sake yi da ƙarfi. Kaji suka watse, Malam bai ɗago ba. Phebe, autar Malam, wadda ke koyarwa a wata makaranta kuma take zaune da shi tun rasuwar mahaifiyarta, ta fito daga kicin tana goge hannu. Da ta ga fuskar Garzali sai ta tsaya.

"Baba Garzali, sannu da zuwa."

"Phebe, tun yaushe?"

Ta waiwayi bayan mahaifinta, ta sunkuyar da kai. "Tun ciwon nan. Likita ya ce jijiyar kunnen ce ta mutu, ba ta dawowa. Na hagu yana tsintar magana in an ɗaga murya, in yana kallon mutum. Amma kiɗa ya ce ƙugi kawai yake ji, kamar inji." Ta share ido da gefen zani. "Ni nake saurara masa, in gaya masa, shi kuma ya haddace. Makon nan na je Biu biki. Ya roƙe ni kada in faɗa maka, Baba. A coci ma ya ajiye koyarwar, ya ce musu ƙafa ce ke damunsa."

Garzali ya zagaya ya tsuguna a gaban Malam. Tsohon ya yi firgigit, ya fara fara'a, sai ya dubi 'yarsa, ya dubi ƙyallen atamfar da ke hannun Garzali, fara'ar ta tafi.

"Me na kuskure?" ya tambaya.

Garzali ya matso kusa da kunnen hagu. "Babu komai a ciki, Malam. Ba a tura ba."

Malam ya yi dariya kaɗan, irin wadda ba ta kai ciki ba. "To. Ashe na yabi iska." Ya ture farantin gyaɗar gefe. "Kada ka kalle ni haka, Garzali. Kallon nan nake gudu. Masu zuwa dubiya ina da su, sun cika min gida da ayaba da addu'a. Mai yin musu da ni kai kaɗai ne. Da na faɗa maka, da ka koma cikinsu."

Garzali ya sa ƙyallen a aljihu. Ya zauna a ƙasa kan turɓaya da fararen kayansa, yana nan har Phebe ta kawo ruwa.

Ya yi ƙoƙari, wannan kam ba a ce bai yi ba. Asabar ta koma gidan Malam. Garzali zai saurari albam a shago, ya zo ya zauna ta hagu ya yi ta bayani da ƙarfi, yana buga kiɗan da yatsa a gwiwar Malam. Da farko Malam yakan yi tambaya, ganga nawa ce, amshin mata ne ko maza. Amma ba a musu a kan abin da mutum ɗaya kaɗai ya ji. Garzali ya ce da daɗi, Malam ya gyaɗa kai. Wata rana da gangan ya kushe wata tsohuwar waƙa da ya san Malam na mutuwar so, ko zai taso masa. Malam ya dube shi kawai ya ce, "Ƙila da gaskiyarka. Na fara manta yadda take."

A hanyar komawa ranar sai da Garzali ya tsaya a jikin wata katanga, ya yi kamar wani abu ya faɗa masa a ido.

Da aka sa ranar auren Phebe, Dzarma, babban ɗan Malam da ke aiki a Jos, ya ce ba za a bar tsoho shi kaɗai a gidan da ba ya jin bugun ƙofa ba, zai tafi da shi Jos. Malam bai yi gardama ba. Garzali ya ɗinka masa riga mai kauri da hula, don an ce garin da sanyi, ya kai masa tasha da safen tafiyar.

Tashar ta cika da ihun 'yan kamasho da masu tallan burodi. Dzarma ya zaunar da mahaifinsa kusa da taga, kunnen hagun ya koma ta cikin mota. Malam ya leƙo da kai, ya kama hannun Garzali, ya yi magana da ƙarfin da ya sa mutane waiwayowa.

"Ka sami wani, ka ji? Kada ka zauna kana saurare kai kaɗai. Ka sami mai taurin kai!"

"Wa zan samu, Malam?" in ji Garzali. "Wa ya rage?"

Malam ya kalli bakinsa, bai kama ba. "Me ka ce?"

Direba ya tada mota. Garzali ya bi ta 'yan taku yana maimaitawa, Malam na ta gyaɗa kai yana murmushi yana cewa, "Amin, amin, na gode," don ya zaci addu'ar tafiya ake masa. Hannunsu ya rabu a bakin ƙofar tasha.

Phebe ta ce ya zo su shiga Keke Napep tare, ya ce ta je, zai ɗan taka. Ya bi gefen titi da ƙafa har Wulari. Wata mata na zaune a bencin ƙofar shagon da ledar yadi a cinya, ta ce tun ɗazu take jira. Ya ba ta haƙuri, ya buɗe, ya ɗauko tef ya ce ta faɗi irin ɗinkin da take so.