Akwati Mai Shuɗin Fenti

"Mama, me ya sa fensirin nan yake da jela biyu, kuma ba ya rubutu?"

Uwar tana guga a bakin ƙofa da hantsi, gawayi na ci a cikin dutsen gugan. Ba ta ɗago ba sai da 'Yar Firit ta maimaita. Yarinyar, mai shekara biyar, tana riƙe da wani siririn ƙarfe kamar murfin biro, wayoyi biyu suna reto a gindinsa, tana goga bakinsa a bango ko zai yi zane.

Uwar ta san shi. Mijinta ne mai sito a wurin haƙar dutse, makullin ɗakin nakiya a hannunsa yake. Ya sha gaya mata cewa manyan sandunan nakiya da sauƙi, ɗan ƙaramin da ke tayar da su ne mugun. Shi ya sa doka ta raba musu ɗaki, kowanne da jan allo a ƙofa: ba ashana, ba waya, ba takalmi mai ƙusa. Zafi ko bugu kaɗan ya isa ya tafi da yatsun ƙaton mutum, balle hannun da ko kofi bai iya riƙewa da kyau ba.

Ta san halin 'yarta: in aka yi mata tsawa, ko ta yi jifa da abu ko ta ruga da shi bayan gado. Sai ta tura dutsen gugan waje, ta sassauta murya.

"Uwata, barci fensirin yake yi. Daina goga shi, kada ki tashe shi."

Ta jawo matashi ta ajiye a ƙasa, ta ce a kwantar da shi a hankali kamar 'yar tsana. Yarinyar ta tsaya ciniki, wai in ya farka nata ne? Uwar ta ce nata ne. Wai a lulluɓe shi? Ta ce a'a, zafi yake ji. Sai da ƙananan yatsun suka buɗe, ƙarfen ya kwanta a kan matashin, sannan ta suri 'yarta ta yi waje.

A ƙofar gida yarinyar ta ce a shuɗin akwati ta samo shi, ƙarƙashin takardar da ke shimfiɗe a ciki.

Makon jiya maigidan ya kawo akwatin. Fanko ne na nakiya, wanda ƙa'ida ta ce a ƙona, amma ya ga katakon da kyau, ya ce ya dace da littattafan yarinya. Tun a wurin aiki ya shafe jan rubutun gargaɗin da shuɗin fenti don kada mai gadi ya yi magana. Ita da kanta ta yaba, har tana tsokanarsa wai ya zama kafinta.

Ta datse ɗakin da kwaɗo, ta je har ƙarshen layi kafin ta kira maigidan a waya. Ya zo yana haki tare da mai fasa dutse, wanda ya shiga shi kaɗai ya fito da abin a cikin ƙaramin akwatin da suke ɗaukarsa. Maigidan ya roƙa a rufa asiri a mayar shiru, don in manaja ya ji, aikinsa ya tafi. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta tambaye shi akwati nawa suka fita ranar. Ya sunkuyar da kai ya ce huɗu: nasu, na direba, na mai dafa wa ma'aikata abinci, da na Yaya, babbar 'yar'uwarsa mai tagwaye.

"Baban 'Yar Firit, tagwayen Yaya rarrafe suke yi. Ko ka faɗa wa manaja da bakinka yanzu, ko in goya yarinyar nan in je da kaina."

Ya tafi. Kafin la'asar an karɓe makullin daga hannunsa, an kwaso akwati uku har da nasu, kuma a na Yaya an sami wani ƙarfen irinsa maƙale a lungu. Direba kuwa ya ba wani fasinja akwatinsa kyauta, bai san sunansa ba, bai tuna inda ya sauke shi ba.

Akwatin yana wani gida har yanzu. In an kawo muku akwatin katako mai sabon fenti daga wurin haƙa, kada ku buɗe, kada ku jijjiga, kada ku kai shi kusa da wuta. Ku fitar da yara tukuna, sannan ku kira masu aikin.