Magudanar Ruwan Celina

Tun kafin malaman jami'a su san akwai tsohon rafi a ƙarƙashin gidajen unguwar su Baba Bitrus a Sabon Tasha, shi ya sani. Bai taɓa shiga aji ba, amma ambaliya uku ya tsallake.

Jikarsa Celina, mai digiri na biyu a fannin tsara birane, ta nuna masa zanen magudanar da 'yan unguwa za su haƙa.

"Ke amarya, da rani kika auna, ko? Wannan magudana ai a ɗakina za ta juye ruwa."

"Haba Baba! Shi ya sa aka koya mana tambayar mazauna wuri."

Ta sake zanen inda sandarsa ta nuna.

Ya ce mai musu ya kawo tabarmarsa a watan Agusta, ya kwanta inda ta zana magudanar da farko.