Jarumin Da Ya Wanke Ubansa

Shekara biyu ke nan Yaya ba ta kwana a waje ba, tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Baba. Ita ce wanka, ita ce juyi, ita ce kwashe fo. Yanzu 'yarta ta fari ta haihu a wani gari, kuma Auta, ƙaninta marubuci, ya rantse a waya zai zo ya riƙe Baba kwana uku ta je ta ga jikarta.

Ya zo kuwa, yana tashin turare, sabon littafinsa a hammata, mai ɗaukar hoto na biye da shi. Baba ya yi shekara talatin yana koyar da waƙoƙin mazan jiya, don haka Auta ya ja kujera, nesa kaɗan da gado, ya buɗe masa lacca.

"Ka ga Baba, jarumin waƙoƙinku na da, teku yake ƙetarewa, ya kashe dodo, ya dawo da ganima ana masa kirari. Nawa ko takobi ba shi da shi. Ya bar gida, ya sha duniya, sannan ya dawo ya durƙusa ya wanke tsohonsa da hannunsa. Babi na tara ke nan. Mutane kuka suke yi a wurin."

Yaya ta karɓi littafin ta duba. Ga robar wanka mai tsaga a baki. Ga shuɗin tawul. Ga yadda ake zura hannu ƙarƙashin kafaɗa a juya tsoho ba a fama gyambon bayansa ba. Ashe duk abin da take gaya masa a waya tana kuka, gogan rubutawa yake yi. Jarumin kuwa ko 'yar'uwa ba a ba shi ba. Ta rufe littafin.

Ana tsakiyar hoto cikin Baba ya saki, wari ya cika ɗakin. Mai hoto ya tuna ya bar wani abu a mota. Auta ya miƙe, hankici a hanci.

"Ga ruwan ɗumi a flas, ga safar hannu," in ji Yaya. "Ai ka iya, na karanta."

"Haba Yaya, kin san zuciyata tashi take yi. Dama ina son gaya miki, gobe da safe ana hira da ni a rediyo. Wata mai zuwa, wallahi, sati guda zan yi."

Har tuntuɓe ya yi da bokiti wajen fita.

Ta naɗe hannun riga, ta juya Baba, ta wanke shi, ta sauya zanin gado. Tana yi tana jira, don tsohon nan a zamaninsa bai taɓa ƙyale ɗalibin da ya kwafi aikin wani ba. Kalma ɗaya take so daga bakinsa, ko da tsaki ne.

Baba ya daɗe yana kokawa da karkataccen bakinsa kafin magana ta fito. Idonsa ya cika da hawaye.

"Yaron nan ya fi jaruman da," ya ce. "Su ba su san iyaye ba, sai yaƙi. Goge hannunki, kar ki ɓata masa littafi. Karanta min wurin da ya wanke ni."