Murɗin Bahago

Wata biyar da rasuwar ƙaninsa, matar marigayin ta sa aka turo babur ɗin mijin nata har ƙofar shagon Bahago.

"Yaya, fitilar ce," ta ce. "Ƙanena ya fara haya da shi don mu samu na abinci. Sau biyu tana mutu masa a kwanar gada, daidai inda abin ya faru. Mutane sun fara cewa ba banza ba."

Bahago ya ja tsaki. Shekara ashirin yana gyaran wayar babura, bai taɓa cin karo da aljani a cikin fitila ba, sai dai aikin sakarkaru. Amma tun ranar da aka tsamo ƙaninsa a ƙarƙashin gadar bai yarda ya kalli babur ɗin ba.

Ya duba ƙwan fitilar, lafiya lau. Batir a cike, makunni garau. Ya kunna, haske ya bugi bangon shago. Sai da ya karya kan babur ɗin hagu don ya samu hanyar wucewa, bangon ya yi duhu. Ya miƙe shi, haske ya dawo. Ya sake karyawa, ya ɗauke. Kwanar gada kuwa hagu ake karya ta.

Ya kwance murfin fitilar, ya bi wayar da yatsa har wuyan babur, inda aka naɗe ta da baƙin tef. Ya warware tef ɗin. Waya biyu ce aka murɗe, ba dalma, ta yi sako-sako. Kowane mai gyara dama yake murɗawa. Wannan hagu aka murɗa ta.

Nan take ya tuna safiyar da ya yi murɗin nan. Ƙanin nasa yana sauri, shi kuma shayinsa na hucewa. "Je ka, gobe ka dawo in sa maka dalma," ya ce masa. Daga shi har ƙanin aka manta.

"Kowa cewa yake gudu ya yi," matar ta ce a hankali. "Har yau ina jin haushinsa, Yaya. Ya bar ni da yara uku saboda gudu."

Yana iya sa dalma ya rufe, ba mai sani har abada.

"Ba gudu ya yi ba," ya ce. "Fitila ce ta mutu masa a kwanar."

"To wa ya haɗa ta haka?"

Ta kalli wayar, sannan ta kalli filayar da ke hannunsa na hagu.